Yadda Ake Yanke Shawara a Sakatariyar Ƙaramar Hukuma

Ƙaramar hukuma ita ce mataki na uku a tsarin mulkin Najeriya, bayan gwamnatin tarayya da gwamnatocin jihohi, kuma ita ce doka ta ɗora wa ayyukan da suka fi kusa da ƙofar gidan talaka, tun daga kwashe shara da yashe magudanar ruwa har zuwa kula da kasuwa da mahauta da maƙabarta. Ƙasar tana da ƙananan hukumomi 774 idan aka haɗa da guda shida na Abuja, jihar Kano ce kan gaba da 44, Katsina tana bi mata da 34. Duk da wannan kusanci, yawancin mazauna ƙananan garuruwa ba sa taka sakatariya sai ranar da ɗansu yake neman takardar shaidar zama ɗan asalin gari domin shiga makaranta ko aikin ɗamara, kuma kaɗan ne a cikinsu za su iya faɗin wanda yake yanke shawarar inda za a haƙa rijiyar burtsatse, ko hanyar da takarda take bi kafin a biya kuɗin kwalbati guda ɗaya.

Gari irin Wudil ya isa misali. Yana bakin kogi a kan hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Maiduguri, tazarar kimanin kilomita 40 daga birni, yana da kasuwa mai ci ranar Juma'a da karar shanu wadda fatake suke zuwa daga nesa, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, ga makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum kimanin 185,000, waɗanda aka rarraba a mazaɓu goma, kowace da kansilanta. Abin da za a bayyana a nan tsari ne da ya game yawancin ƙananan hukumomin Arewa, ko da yake kowace jiha tana da tata dokar da ke sauya wasu sunaye da adadi.

Kafin 1976 hukumar da take riƙe da waɗannan ayyuka ita ce En'e, wato hukumar gargajiya da sarki yake shugabanta, wadda take da baitulmalinta, kuma har zuwa ƙarshen shekarun 1960 tana da 'yan dokarta da kotunan alƙalai da gidan yari. Gyaran da gwamnatin soja ta yi a 1976 ya shimfiɗa tsari iri ɗaya a duk ƙasa, ya kafa ƙananan hukumomi 301, ya kuma mayar da sarakuna masu ba da shawara. Daga baya adadin ya kai 589 a 1991, sannan 774 a 1996. Akwai wani sauyi da ya fi yawan adadin tasiri. En'e da harajin da take karɓa daga hannun talakawa take rayuwa, wato haraji a kan magidanta da jangali a kan shanu, kuma tsananin da aka sha a wajen karɓarsu shi ya sa gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke su da hawansu mulki a 1979. Sokewar ta sauke wa talaka nauyi na gaske, amma tun daga wancan zamani ƙaramar hukuma ta koma dogaro da kason da ake aiko mata daga asusun tarayya kowane wata, kuma hukumar da ba daga aljihun mutanen gari take ci ba, da wuya ta ji cewa wajibi ne ta yi musu bayanin abin da ta kashe.

Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan dalla-dalla, kuma wanda ya karanta shi zai ga rayuwar ƙaramin gari a ciki. Akwai kafawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahautai da makewayin jama'a. Akwai gina hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da fitilun kan titi. Akwai raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa ido a kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da allunan talla. Har lasisin keke da amalanke da baro da kwalekwale an ambata, abin da a gari mai kogi da masunta irin Wudil yake da ma'ana ta zahiri. Bayan waɗannan akwai ayyuka uku da ƙaramar hukuma take tarayya da jiha a kansu, wato ilimin firamare da na manya, da aikin gona, da kiwon lafiya matakin farko, kuma waɗannan ukun su ne suke cinye mafi yawan kuɗin.

Tun daga 1991 aka raba ƙaramar hukuma gida biyu, a bisa salon da ake bi a tarayya da jihohi. Ɓangaren zartarwa shi ne shugaba, wanda jama'a suka fi kira ciyaman, da mataimakinsa, da sakataren ƙaramar hukuma, da kansiloli masu gafaka, wato waɗanda shugaba yake naɗawa ba zaɓensu aka yi ba, kowanne yana lura da sashe guda kamar ayyuka ko lafiya ko gona ko ilimi. Ɓangaren dokoki kuwa shi ne majalisar zaɓaɓɓun kansiloli, wadda take zaɓar shugabanta daga cikinta, tana da akawun da yake tsara ajanda yake kuma rubuta rahoton kowane zama. Aikin wannan majalisa a takarda babba ne, domin ita take amincewa da kasafin kuɗi, ita take yin dokokin gari kamar na tsafta da na kuɗin rumfa da na hana sakin dabbobi da damina, ita take tantance naɗe-naɗen shugaba, kuma tana da ikon kiran kowane shugaban sashe ya zo ya yi bayani. A ƙarƙashin waɗannan 'yan siyasa akwai ma'aikatan dindindin, waɗanda manyansu su ne daraktan mulki da ma'aji da shugabannin sassa. Abin lura shi ne, daga mataki na bakwai na albashi zuwa sama, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce take ɗaukarsu, take yi musu ƙarin girma, take kuma sauya musu wurin aiki, saboda haka ma'ajin da yake sa hannu a takardun Wudil bana yana iya kasancewa a Bichi ko Rano baɗi, kuma ya san cewa makomarsa tana hannun babban birnin jiha fiye da hannun ciyaman.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar yadda shawara take tafiya ita ce a bi sawun ƙaramin aiki guda daga farkonsa, a ce kwalbatin da ruwan sama ya karya a wata unguwa har masu baro da 'yan makaranta suka koma zagaye. Koke yakan fara ne daga mai unguwa ko ƙungiyar matasa, a rubuta takarda a bi da ita ta hannun dagaci da hakimi, ko kuma kansilan mazaɓar ya gabatar da ita a zaman majalisa a matsayin ƙuduri. Idan takardar ta isa ofishin shugaba, sai a buɗe mata fayil, shugaba ya rubuta layi ɗaya ko biyu a gefe yana umartar sashen ayyuka ya duba, masinja ya ɗauki fayil ɗin zuwa ofishin injiniya. Injiniya zai je ya auna, ya rubuta ƙiyasi na buhunan siminti da rodi da tifar yashi da tsakuwa da ladan leburori, sannan fayil ya wuce wurin ma'aji, wanda zai buɗe littafin da ake rubuta abin da kasafin shekara ya ware wa kowane fanni, ya ga ko akwai sauran kuɗi a fannin magudanan ruwa. A nan ne ayyuka da yawa suke kwana, domin ƙa'ida ta hana a kashe abin da ba a tanada ba, kuma ɗauko kuɗi daga wani fanni zuwa wani yana buƙatar amincewa ta musamman.

Idan akwai tanadi, fayil ɗin zai shiga zaman kwamitin kuɗi da al'amuran yau da kullum, wanda shi ne zuciyar sakatariya: shugaba ne yake jagorantarsa, mataimakinsa da kansiloli masu gafaka da sakatare suna zaune, manyan ma'aikata suna ba da bayani, kuma bisa al'ada yakan zauna ne bayan kason wata ya shigo. Kowace jiha tana ƙayyade adadin da shugaba zai iya amincewa da shi shi kaɗai, da wanda sai kwamitin ya zauna, da wanda ya wuce ƙarfin ƙaramar hukuma gaba ɗaya sai an nemi izinin ma'aikatar ƙananan hukumomi ko na gwamna. Bayan amincewa sai a zaɓi hanya ɗaya daga biyu, ko dai a ba da kwangila, a biya ɗan kwangila kuɗin kafin alƙalami domin ya fara aiki, ko kuma sashen ayyuka ya sayi kaya ya ɗauki magina ya yi da kansa. In an gama, injiniya zai rubuta shaidar kammala aiki, a shirya bauca, wato takardar biya mai ɗauke da sunan wanda za a biya da dalilin biyan da fannin da za a cire kuɗin, oditan cikin gida ya duba ya buga hatimi, daraktan mulki da ma'aji su sa hannu, sannan kuɗi ya fita. Wanda bai san dalilin waɗannan matakai ba zai ɗauke su jan rai ne kawai, alhali kowane sa hannu an tanade shi ne domin a samu wanda za a tuhuma idan aka wayi gari kwalbatin yana cikin bauca amma ba ya cikin unguwa. Kundin ƙa'idojin kuɗi na ƙananan hukumomi ya zayyana duk wannan, kuma babban oditan ƙananan hukumomi na jiha yana da alhakin bin littattafan kowace shekara ya miƙa rahoto ga majalisar dokokin jiha.

Tun da kasafi shi ne ƙofar da kowane aiki yake shiga ta cikinta, lokacin tsara shi ya fi kowane lokaci muhimmanci a shekarar sakatariya. Wajen ƙarshen shekara sassa suke miƙa buƙatunsu, jami'in tsare-tsare ya haɗa su, a raba su gida biyu, wato kuɗin yau da kullum kamar albashi da man mota da takardu, da kuɗin manyan ayyuka kamar ajujuwa da rijiyoyi da rumfunan kasuwa. Shugaba ya gabatar wa majalisar kansiloli, sannan a jihohi da dama a kai shi gaban ma'aikatar ƙananan hukumomi ko kwamitin majalisar dokokin jiha a kare shi. Unguwar da ba ta sa buƙatarta a wannan gaɓa ba, sai dai ta jira wata shekara ko ta dogara da alfarma.

Batun kuɗin kansa shi ne inda tsarin ya fi rauni. Daga asusun tarayya ana ba gwamnatin tarayya kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, kuma daga harajin sayen kaya ƙananan hukumomi suna da kashi 35. Wajen raba kason asusun tarayya a tsakaninsu, kashi 40 daidai ake ba kowa, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran kuma bisa faɗin ƙasa da ƙoƙarin tara kuɗin shiga da ma'aunin ilimi da lafiya da ruwa. Amma sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kuɗin yake fara sauka, kuma a wurin ne ake cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya, da kason fansho, da kason masarautu, da na horar da ma'aikata, da gudummawar abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, waɗanda galibi jiha ce take zaɓar su take kuma ba da kwangilarsu. Wasu daga cikin waɗannan cire-cire suna da hujja mai ƙarfi, wasu kuma hanya ce ta mayar da kuɗin ƙauye hannun gwamna. Abin da yake saura ya isa sakatariya sau da yawa bai wuce na tafiyar da ofis ba, kuma a irin wannan hali kwamitin kuɗi yakan zauna ne ya amince da abin da aka riga aka yanke a wani wuri, majalisar kansiloli kuma ta rasa abin tattaunawa ban da alawus ɗinta. Doka ta ce jiha ta ba ƙananan hukumominta kashi goma na kuɗin shigar da ta tara a cikin gida, amma jihohin da suke cika wannan ba su da yawa.

Kuɗin shiga na cikin gida kuwa a ranar kasuwa ake ganinsa. Tun da hantsi masu karɓar haraji suke fita da littattafan rasit, wasu a ƙofar kara suna karɓa a kan kowane kan sa da tunkiya, wasu a tsakanin rumfuna, wasu a tasha a kan motocin da suka yi lodi, kuma ba sa iya aikin sai da haɗin kan sarkin kasuwa da sarkin pawa da shugabannin direbobi, waɗanda suka san kowa da kowa. Ƙa'ida ita ce kowane littafi yana da lambobi, ma'aji ne yake fitar da shi, kuma kuɗin da aka tara a kai shi banki a kawo shaida. Inda aka bar ƙa'idar, sai a samu rasit ɗin da ba daga ma'aji ya fito ba, ko a karɓi kuɗi a hannu ba a yanka komai ba, ko a ba wani mai uwa a gindin murhu kasuwar gaba ɗaya ya biya ɗan abin da aka yi yarjejeniya ya riƙe sauran. Ɗan kasuwar da yake biya duk mako amma rumfarsa tana yoyo kuma babu makewayi a kasuwar, yana da gaskiya idan ya tambayi inda kuɗin yake tafiya, kuma garin da yake da kasuwa babba bai kamata ya rasa abin gyara magudanarsa ba ko da kason Abuja ya makara.

Akwai kuma shawarwarin da ba sa bi ta bauca, waɗanda sau da yawa su ne suke hana gari kamawa da wuta. Kwamitin tsaro yana haɗa shugaba da baturen 'yan sanda na yanki da jami'in tsaron farin kaya da hakimi da malaman addini, kuma a gabansa ake kawo rigimar manomi da makiyayi idan an cinye burtali ko shanu sun shiga gona kafin a kwashe amfani. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a filayen da ba na birni ba, har hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo, abin da ya sa kwamitin filaye yake cikin wuraren da aka fi kai ƙorafi. Duba-gari da ke zagaya gidaje da mahauta, da ma'aikatan da suke bi gida-gida da allurar rigakafi tare da masu unguwanni, da malamin gona da yake rabon taki, duk a ƙarƙashin wannan rufi suke, kuma nasarar da aka samu a kan cutar shan inna a Arewa ta bi ta hannun irin waɗannan ƙananan ma'aikata da sarakunan gargajiya.

Tambayar da take ƙarƙashin duk wannan ita ce wa ciyaman da kansila suke jin tsoro. Sashe na bakwai na tsarin mulki ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, amma shekara da shekaru gwamnoni suna rushe majalisu su naɗa kantomomi ko kwamitocin riƙo, kuma ko an yi zaɓen, hukumar zaɓe ta jiha ce take shirya shi, wadda gwamna ne yake naɗa shugabanninta. A zaɓen Oktoba 2024 jam'iyya mai mulki a Kano ta lashe kujerun shugabanni 44 da na kansiloli 484 baki ɗaya, a Kaduna ma jam'iyyar da take mulki, wadda a lokacin ta bambanta da ta Kano, ta kwashe kujerun shugabanni 23 duka, wanda ya nuna cewa cutar ba ta jam'iyya ɗaya ba ce. Majalisar da babu ɗan adawa ko ɗaya a cikinta, kuma kowane mamba ya san cewa daga gidan gwamnati sunansa ya fito, ba za a sa ran ta tsare shugaban sashe da tambaya ba.

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da babban lauyan tarayya Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, inda mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, cewa gwamna ba shi da ikon riƙe kuɗinsu ko rushe zaɓaɓɓiyar majalisa, kuma ƙaramar hukumar da kantoma yake riƙe da ita ba za a ba ta kuɗi ba. Hukunci ne mai nauyi, kuma shi ya sa jihohi da yawa suka yi gaggawar shirya zaɓe a watannin da suka biyo baya, ko da yake aiwatar da biyan kai tsaye ya gamu da jan ƙafa. Sai dai tarihi yana da gargaɗi a nan. A 1991 gwamnatin Babangida ta miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar makarantun firamare da kuɗinsu, kuma cikin ɗan lokaci malamai a wurare da yawa suka shafe watanni babu albashi, har aka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1993. Wannan ne ya sa ƙungiyar malamai har yau take ɗari-ɗari da batun. Ba wa ciyaman wuƙa da nama ba tare da majalisa mai zama da odita mai bincike ba, sauya wurin ɓarna ne kawai daga babban birnin jiha zuwa sakatariya.

Abin da zai sa hukuncin ya amfani mazauna gari ƙananan abubuwa ne da doka ta riga ta tanada. Tun 2004 gwamnatin tarayya take wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu a wata, kuma a yau ana iya ganin alƙaluman a intanet ta wayar hannu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma a rubuce. Kasafin kuɗi da rahoton zaman majalisa kuma takardun jama'a ne, waɗanda babu dalilin kulle su a durowar akawu. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na ci gaban gari, tare da limamai da shugabannin mata, su nemi sanin ranar da za a gabatar da kasafin baɗi, su kai buƙatun unguwanninsu a rubuce kafin ranar, su halarci zaman, sannan su nemi a liƙa kwafin abin da aka amince da shi a allon sanarwa na sakatariya da ƙofar fadar hakimi, cikin harshen Hausa, da sunan kowane aiki da mazaɓarsa da kuɗinsa.